Abin da Sifana Ya Rubuta a Gefen Shafi

Ranar da Auta ta bugo waya ta ce likita ya ga 'yan biyu a cikinta, ta kuma ce in haihuwa ta matso uwarta ta tattaro ta koma wurinsu da zama gaba ɗaya tunda akwai ɗaki, Sifana yana zaune a ƙasa yana kwance wani tsohon kan famfo a kan jarida. Matarsa ta rufe bakin wayar da tafin hannu, ta dube shi.

"Baban Auta, ka ji abin da ta ce?"

"Na ji."

"To me ka gani?"

Bai ɗago kai ba. Ya ce, "Ki je mana. Ai ba abin da kike yi a nan."

Abin da yake nufi shi ne yara sun watse, ba mai riƙe ta, ta sha wahala shekara ashirin da tara, ta je ta huta cikin jikoki. Abin da ya fito daga bakinsa kuwa shi ne wancan, kuma magana zarar bunu ce. Maman Auta ta mayar da wayar kunne ta ce, "Babanki ya ce in zo." Aka sa wata huɗu.

Sifana mai gyaran famfo ne. Sunan ya samo shi ne daga katuwar sifanar da ba ta rabuwa da aljihunsa na baya, har ya danne sunansa na gaskiya. A aji huɗu ya bar makaranta. Yana karatu, amma da yatsa, leɓe na motsi. Yana rubutu, amma da manyan baƙaƙe kaɗai, da fensirin kafinta mai faɗi da ke maƙale a kunnensa, kuma harafin N ɗinsa kullum a juye yake fitowa, kamar ya ba mutane baya. In ka kira shi aiki zai zo a kan lokaci, ya gaya maka wanda ya yi maka aikin farko jaki ne, ya gyara, ya share wurin, ya tafi. Hira ba ta cikin kayan aikinsa. Matarsa ma tun da aka kawo ta "Ke" yake ce mata.

Suna zaune a hawa na biyu na wani bene mai hawa huɗu. Bayan wayar nan gidan ya yi tsit irin na tankin da ruwa ya ƙare a ciki. Ba faɗa, ba gaba. Abinci a kan lokaci, kaya a wanke a goge, sannu da zuwa, a dawo lafiya. Shi ke nan. Shi kuwa ya san ya yi ɓarna, don mai gyaran famfo ba ya rasa jin ƙarar yoyo ko a cikin bango ne, amma bai san ta inda zai fasa ba. Abu ɗaya ya sani: in matar nan ta shiga mota da manyan jakunkuna, ba za ta dawo ba sai dai ziyara.

Wata ranar Litinin ya dawo da la'asar, tun daga matakala ya jiyo dariyarta. Dariya ce ta gaske, irin wadda take haɗawa da tari, wadda ya manta rabonsa da ji. Ya tura ƙofa. Tana kan kujera da wani littafi mai rawayan bango, tana share ido da gefen ɗankwali. Tana ganinsa ta rufe littafin, dariyar ma ta rufu tare da shi.

"Sannu da zuwa. In kawo ruwa?"

Washegari ya ga littafin a saman firji. Ya dube shi kamar yadda yake duban bututun da wani ya haɗa. Hoton wata ne da kek a hannu, da wani mai ƙulla wuya ya juya mata baya. Ya ce a ransa, bari dai in ga mene ne a ciki da ya fi ni. Ya cusa shi cikin jakar aiki tsakanin zarto da gwangwanin gam.

A wani sabon gini yake aiki a lokacin. Da rana in birkiloli sun tafi cin abinci, sai ya kifa bokiti a banɗakin da ba a gama ba, ya zauna, ya buɗe. Labarin wata mai gasa kek ne da wani ɗan mai kuɗi da ya zo sayen ginin da shagonta yake. Sun tsani juna tun shafin farko, don ta watsa masa shayi a riga. Sifana ya yi tsaki ya fi a ƙirga. Da aka zo wurin da bututu ya fashe a shagon, ruwa na tsiri, saurayin ya cire abin wuyansa ya ɗaure wurin, suna jiƙe sharkaf suna kallon juna, sai haƙurinsa ya ƙare. Ya zaro fensir daga kunne ya rubuta a gefen shafin:

KA RUFE BABBAN FAMFO TUKUNA. WAWA.

Ya ja layi biyu a ƙarƙashi, yadda yake yi wa awo a jikin bango. Sai ya ji wani sanyi a ransa. Ya ce to, ga hanya. In ta sake buɗe littafinta za ta gani. Ko ta yi dariya ko ta yi faɗa ya ɓata mata takarda, duk magana ce.

Kwana tara ya ɗauka kafin ya kai ƙarshe, duk da yana tsallake wuraren da ake bayanin kaya da kalar ido. Kullum da yamma yakan mayar da shi saman firji kafin ta lura. Ranar Asabar ya dawo daga aiki ya ga babu littafin. Ya ce ta ɗauke ta kai ɗaki, tana sake bi. Ya zuba wa fuskarta ido a wurin cin abinci. Ba komai. Ya ce mace ce mai zurfin ciki, a bi ta a hankali.

Bayan kwana biyu sai ga wani a saman firjin, mai shuɗin bango. Haka abin ya ɗore. Duk sati biyu sabo ya zo, ta cinye shi a kwana biyu, ta ajiye, shi kuma ya ɗauka.

Kafin ya gama na uku ya gane ginin abin, don duk shimfiɗa ɗaya ce, fenti ne ya bambanta. Dole su fara da ƙin juna. Dole a samu dalilin da zai kulle su wuri ɗaya, ko aiki, ko mota ta lalace, ko su yi ƙaryar an yi musu baiko don a rabu da surutun dangi. Dole akwai ƙawa mai dogon baki. In an kusa ƙarshe kuma sai wani ya ji rabin magana ta bayan ƙofa ya yi fushi ya tafi. Fensir bai huta ba.

YAUSHE YARON NAN YAKE ZUWA AIKI?

AWA HUƊU SUNA MAƘALE A LIFTAR HAWA BENE BA WANDA YA JI FITSARI.

ƘARYA FURE TAKE BA TA 'YA'YA. AMMA YARINYAR TANA DA KIRKI.

DA SUN ZAUNA SUN YI MAGANA A SHAFI NA 40 DA KOWA YA HUTA.

Da ya rubuta wannan na ƙarshen ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya juya shafi da sauri.

Gaskiya ɗaya ce, littattafan sun fara kama shi. A na huɗu akwai wata gwaggo kurma da ke amsa tambayar da ba a yi mata ba, ta sa shi dariya shi kaɗai a banɗaki har wani birkila ya leƙo ya tambaya ko lafiya. Wata rana ya shafa gam a bakin bututu, ya ce bari ya ga ko yarinyar za ta buɗe wasiƙar, kafin ya ɗago gam ya bushe, sai da ya yanke ya sake. Kuma ya lura da wani abu da bai zata ba. 'Yan matan nan ba kuɗin ke karya su ba, ba kuma kyan fuskar ba, duk da marubutan sun ɓata takarda a kai. Abin da ke karya su ƙarami ne. Wani ya tuna ba ta son zama kusa da taga. Wani ya kawo mata shayi yadda take sha ba tare da ya tambaya ba. A nan Sifana ya danna fensir ya rubuta:

WANNAN BA ABIN MAMAKI BA NE. NI MA NA SAN NAKI. BA SUKARI, MADARA KAƊAN.

Daga nan rubutun ya daina zagin samarin littafi, ya koma magana da ita. Inda aka yi ruwan sama ya rubuta mata ko ta tuna ɗakinsu na farko mai yoyo, da suka kwana uku suna matsar da katifa. Inda uwar yarinya ta yi rashin lafiya ya rubuta cewa bai manta jinyar da ta yi wa tsohuwarsa ba. Abin da bakinsa ya kasa a shekara ashirin da tara, fensir ya yi ta zubarwa a gefen takarda. Littafi ya ɓace ranar Asabar, ya duba fuskarta, ba komai. Sannu da zuwa. In kawo ruwa?

Na shida mai koren bango ne. Yarinyar ta samu aiki a wata ƙasa, saurayin ya taya ta ɗaure kaya, ya yi mata fatan alheri da baki, cikinsa na ƙuna. Sai da ta tafi filin jirgi ya zabura ya bi ta da silifas ƙafa ɗaya. A shafi na ɗari biyu da talatin da ɗaya, Sifana ya feƙe fensir da wuƙa, ya goge hannu a wando, ya rubuta a hankali don layin ya miƙe:

NI BAN IYA GUDU BA, GWIWA TA HANA. MAGANAR DA NA YI RANNAN BA HAKA NAKE NUFI BA. KAR KI TAFI.

Saura sati uku da 'yan kwanaki tafiyar. Asabar ta zo, littafi ya ɓace. Ranar Lahadi Maman Auta ta je kasuwa ta dawo da manyan jakunkuna uku masu zif. Ranar Talata ta kira shi kicin ta nuna masa inda gishiri yake da inda ashana take, ta nuna masa yadda ake kunna murhun da ke gardama. Ya tsaya yana gyaɗa kai. Ya ce a ransa, to, ta karanta, wannan ce amsar. Bai ga laifinta ba. Na bakwai da ya zo saman firji ko taɓa shi bai yi ba.

Ranar Laraba, saura kwana uku, Nas ta hawa na uku ta tare shi a matakala da safe. Mace ce mai kusan shekara hamsin, ta yi aikin asibiti har ta daina jin kunyar kowa. Ta ce ƙarƙashin wurin wanke-wankenta yana ɗiga, ta gaji da sa robar tarar ruwa.

Ya kwanta a ƙasan kicin ɗin ya haska. Ya ce, "Wa ya haɗa miki wannan?"

"Kai ne, Malam Sifana, shekara shida da ta wuce."

"To robar cikin haɗin ce ta mutu. Da gwiwar bututun."

Ya yago gefen wani kwali, ya zaro fensir ya rubuta abin da za a sayo, ya ja layi biyu, ya miƙa mata. Nas ta karɓa ta sa tabarau. Ta duba. Ta matso da kwalin kusa da ido, ta sake nisanta shi. Sai ta nemi kujera ta zauna.

"Malam Sifana, wannan N ɗin naka, kullum haka take tafiya da baya?"

"Mai shago yana ganewa."

"Ni ma na gane."

Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da littafi mai koren bango, ta buɗe wani shafi da ta naɗe kunnensa, ta ajiye shi kusa da kwalin a kan tebur. Sifana yana zaune a ƙasa, ruwan wanke-wanke na ɗiga masa a kafaɗa, bai matsa ba.

"Me littafin matata yake yi a gidanki?"

"Littafin matarka? Littafinmu dai. Mu biyar ne a benen nan. Malama ta hawa na huɗu ke sayowa ta fara karantawa, ta ba Maman Auta. In ta gama ta ɗora a saman firji, ranar Asabar Mai Kanti ta ƙasa ta hau ta ɗauka. Daga ita sai ni, daga ni sai Gwaggo, sannan ya koma wurin Malama. Kai a zatonka ina suke zuwa?"

"Ɗaki."

"Ta yi me da su?"

"Ta sake karantawa."

"Wa yake sake karanta irin waɗannan? An san za su yi aure."

Ya ce, "Ba ta gani ba ke nan."

"Ko ɗaya. Duk benen nan ba macen da ba ta karanta wasiƙunka ba, sai wadda ka rubuta wa." Nas ta cire tabarau tana goge ido, kafaɗunta na rawa. "Mai Fensir muke ce maka. Ni yanzu in littafi ya zo, gefe nake fara bi kafin in shiga labari. Maganar lifta kuwa, har a wurin aiki na ba da ita, wata ta kusa yar da tiren allura."

"Kuma ba wadda ta tambayi mai rubutun?"

"An tambaya mana. Maman Auta ta ce ita fes take ajiye su. Mai Kanti kuwa takan bar littafi kwana biyu uku a kan teburin shago kafin ta samu sukunin buɗewa, mijinta na zaune a wurin. Sai ta ce ai shi ne. Ta tambaye shi, ya ga fuskarta a sake rabon da ya ga haka tun bara, sai ya yi murmushi ya ce a bar maganar."

"Wannan mai tumbin? Ko sunansa bai iya rubutawa a miƙe ba."

"Shi fa. Wata uku ke nan yana cin kaza a kan guminka. Wannan koren ma da ya je hannunta, sun yi faɗa ta haɗa kaya za ta gidan yayanta. Ta buɗe ta ga kar ki tafi. Ta zauna ta sha kukanta, ta kwance kaya. Ta ce masa ta yafe maganar rannan. Shi bai san wacce ba, don suna da yawa, sai ya ba da haƙuri a kan duka."

"Gwiwa fa? Na rubuta gwiwa."

"Malam Sifana, wane namiji ne ya haura hamsin da sauran gwiwa?"

Ya tashi da ƙyar, ya miƙa hannu zai ɗauki littafin. Nas ta dafe shi da tafin hannu.

"Ina za ka kai shi?"

"In nuna mata."

"A'a. Layi ne, Gwaggo ke bi, ba a tsallake. Kuma ka ji in gaya maka, mu a asibiti in mutum yana iya haɗiya ba ma yi masa allura. Bakinka lafiya lau. Hawa ɗaya ne tsakaninka da ita. Sauka."

"Famfon naki fa?"

"Robar da ta yi sati biyu za ta ƙara yini."

Matakala goma sha shida ce tsakanin hawa na uku da na biyu. Sifana ya taɓa sauke tankin ƙarfe ta nan shi da mutum ɗaya, bai ji nauyin da ya ji yau ba.

Ya tarar da ita a ɗaki, jaka biyu sun cika an zuge, ta uku a buɗe a kan gado, tana naɗe zannuwa. Ya tsaya a bakin ƙofa, hannu a aljihu.

"Ke."

"Na'am. Ka yi mantuwa ne?"

"Famfon Nas ne ke yoyo."

"Allah ya kyauta."

"Roba ce ta mutu."

Ta ci gaba da naɗi. Ya ga in ya bi ta bututu, har Asabar ba zai iso ba. Ya ce, "Mai Fensir ɗin nan da kuke faɗa. Ba mijin Mai Kanti ba ne."

Hannunta ya tsaya. "Wa ya gaya maka zancen Mai Fensir?"

Ya zaro fensirin daga kunne ya ajiye a kan zanin da ke gabanta. Ta dubi fensir, ta dube shi. Ta zauna a bakin gado a hankali.

"Kai?"

"Ni."

"Kai da ko takardar magani sai ka miƙo min in karanta maka?"

"Ƙananan rubutu gare ta."

"Littafi shida, Baban Auta?"

"Ina tsallake wajen kaya."

Ta rufe baki da hannu. Ya ɗauka kuka ne, sai ya ji tarin nan ya biyo baya. Ta yi dariya har ta dafe ciki, sannan dariyar ta tsaya ita kaɗai, fuskarta ta koma yadda take.

"Ka san abin da ya fi ci min rai? Duk ƙarshen wata muna haɗuwa a ɗakin Malama, a yi ta karanto maganganun mutumin nan, ina dariya har da hawaye. In sauko in same ka kana goge sifana, in ce a raina, Allah mai rabo, mijin wata yana karanta abin da take karantawa. Ranar da aka karanto ba sukari madara kaɗan, Mai Kanti ta ce ita cokali uku take sha, amma tunda ya yi ƙoƙari za ta daina. Ni kuwa na ce ikon Allah, irin shayina. Aka karanto ɗaki mai yoyo, na ce ashe kowa ya yi irin zaman nan. Ko a mafarki ban kawo kai ba."

"Ke nake rubuta wa. Na ɗauka kina gani kina shiru."

"Da na gani ai da ka ji. Yaushe na taɓa shiru a kan an ɓata min littafi?"

Wannan gaskiya ce, kuma da ya yi tunani da ya gano tun a na farko.

Ya ce, "Akwai na ƙarshe, a koren. Ba a karanto muku shi ba tukuna. Yana wurin Nas, ta hana ni."

"Me ka rubuta?"

"In ya zagayo kya gani."

"Ba ya zagayowa. Kuma Asabar ɗin nan ina mota. In akwai magana, ga ni ga ka."

Sifana ya dubi jakunkunan. Ya dubi silin, inda wani tsohon tabon ruwa yake. Sannan ya dube ta.

"Maganar da na yi ranar da Auta ta bugo. Cewa ba abin da kike yi a nan. Ba haka nake nufi ba. Ina nufin kin gaji, ki huta. Bakina ne ya karkace." Ya matso kusa da gadon. "Gidan nan in ba ke, gini ne kawai. Kar ki tafi."

Maman Auta ta ɗauki wani zani ta warware shi, ta sake naɗewa yadda yake.

"Wata huɗu ina jira ka tambaye ni yaushe zan dawo. Shi kaɗai. Da ka faɗa da jaka ɗaya zan saya."

"Yaushe za ki dawo?"

"Yanzu kuma ka tambaya." Ta share hanci da gefen ɗankwali. "Zuwa dai dole in je. 'Yan biyu ne, haihuwar fari, yarinyar nan ko wankan jariri ɗaya ba ta iya ba. Wata biyu. In sun yi ƙwari, uwar mijinta ta karɓa, ai ita ma jikokinta ne."

"Wata biyu."

"Kuma ba a mota za a sako ni kamar buhu ba. Kai za ka zo da ƙafarka ka ɗauke ni, ka ga jikokinka, ka kwana uku kana yi wa surukinka magana kamar mutum. Ba ka je ka ce masa wanda ya haɗa masa famfo jaki ne ba."

"In jaki ne fa?"

"Ka gyara ka yi shiru."

Ya gyaɗa kai. Can ya ce, "Mai tumbin nan fa? A bar shi da sunana?"

"A bar shi. Aure ka ɗinke ba ka sani ba, kar ka je ka farke. Zan ja kunnen Nas." Ta miƙe ta nuna jakar da ke kusa da ƙofa. "Buɗe waccan. Tukwanena ne a ciki da labulen falo, a mayar da su. Ta biyun ma rabinta ba na tafiya ba ne."

Ya durƙusa, gwiwar ta yi ƙara, ya ja zif. Ashe har hoton aurensu ta cire daga bango ta naɗe a cikin tawul, shi kuwa kwana nawa yana wucewa ta gaban ƙusar bai lura ba. Ya riƙe shi a hannu yana juyawa.

Ta ɗauki waya tana neman lambar Auta. Ta ce, "In ta ɗauka kai za ka gaya mata, don da bakinka aka ce in zo."

"Me zan ce?"

"Ka ce aro ka ba ta, ba kyauta ba."

Wayar ta fara ƙara a can. Ta miƙa masa, ya goge hannu a wando ya karɓa.